Dutsen da Kawu Tayeb Ya Aiko wa Mai Zanen Tasha

Montarlac, ƙasar Faransa, watan Safar 1289

Takarda ta fito daga hannun Musye Firmin Lauzac, babban mai zanen tashoshin jirgin ƙasa, zuwa ga Si Tayeb ben Kaddour, masassaƙin dutse a birnin Tilimsan. Gaisuwa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, kai da 'yar'uwarka Lalla Yamina, da ƙafarka ta hagu da aka ce tana damunka in hadari ya haɗo. Ni lafiya lau, sai ido da ya fara yi mini gardama. Tafintana ne ke rubuta wannan da Larabci, in ka ga harafi ya karkace laifinsa ne.

Bayan haka, ɗan 'yar'uwarka Lakhdar yana aiki a hannuna tun bara. Ban taɓa ganin yaro mai hankali da kunya da kyan fuska irinsa ba. Ba ya surutu. Ba ya makara. In an zuba abinci sai an roƙe shi yake sa hannu. Na tabbata kai ma haka ka san shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ina saurayi nake zana wa kamfani tasha, amma kowacce kamfani ne ke cewa ga tsawo, ga faɗi, ga yawan taga, har in ka sauka a ɗaya sai ka rantse ɗayar ce. Wannan ta Montarlac kaɗai suka sakar mini mara, don sun ga na tsufa. Rumfar ƙarfe da gilashi da jirgi ke shiga ƙarƙashinta ta injiniyoyi ce, ba ruwana da ita. Gaban ginin na dutse, mai kallon gari, shi ne nawa. A al'adarmu, dutsen da ke tsakiyar bakan da ke saman babbar ƙofa ana sassaƙa fuskar mutum a jikinsa. Ni ta matata nake so, Clémence, wadda ta rasu. Duk cikin masassaƙana babu mai hannun Lakhdar. Na yi masa magana, ya ce ranar da zai taho ka sa ya yi maka alkawari ba zai sassaƙa mai rai ba, sai ganye da fure da zayyana.

To, ganye ya kusa ƙarewa. In ya ƙare ba ni da aikin ba shi, shugaban masassaƙa zai sallame shi tun kafin a buɗe tashar. Ina roƙonka ka sauke masa alkawarin nan, fuska ɗaya tak. Ka aiko amsa ta hannun yaron, shi zai kawo mini, don a ofishina takardu ɓacewa suke yi. Wassalam.

Tilimsan, watan Rabi'ul Awwal

Daga Tayeb ben Kaddour zuwa ga ɗan 'yar'uwarsa Lakhdar. Muna lafiya. Uwarka ta ce ka riƙa rufe ƙirji da safe, kuma ka daina rubuta mata cewa za ka auri 'yar mai gidan burodi, ta san ƙarya kake amma ba ta yin barci.

Takardar maigidanka ta iso. Na karanta ta a layin masassaƙa, mai gahawa ma ya bar tukunyarsa ya zo ya tsaya. Wurin da ya ce ba ka surutu mutane sun yi dariya har wani ya ƙware. Na ce musu ko dai ruwan Faransa na gyara mutum, ko kuwa Bature ba ya gane abin da kake faɗa ne. Duk da haka babban mutum ne, ya girmama gidanmu. Kai kuma ka ji kunya da ka bar dattijo ya yi roƙo a madadinka. Ga amsarsa a ciki. Kada ka buɗe, na san halinka.

Zuwa ga Musye Lauzac, mai zanen tashoshi. Gaisuwa irin ta masu sana'a ɗaya. Allah ya ba idonka sauƙi, ka gwada wanke shi da ruwan fure da safe. Na ji roƙonka, kuma da abin hannuna ne da na ba ka. Amma ba ni na hana yaron nan ba, Wanda ya fi ni ne ya hana, ni tuni kawai na yi masa. Kakanninmu sun cika masallatan garin nan da aiki, har yau baƙi na zuwa suna ɗaga kai suna kallo, ba ko idon tsuntsu a ciki. In an sallame shi, a sallame shi. Jirgin ruwan da ya kai shi bai nutse ba.

Sai dai maganar matarka ta tsaya mini a rai, don ni ma na binne tawa, Zhor, kuma har yau in na shiga gida nakan yi gyaran murya kamar tana ciki. Ka ce fuskarta kake so. Ni tambayata, wace irin mace ce? Me take yi, me take faɗa? Ka rubuto mini wannan, in ba zai yi maka nauyi ba.

Montarlac, watan Rabi'ul Sani

Daga Musye Firmin Lauzac zuwa ga abokinsa Si Tayeb. Gaisuwa mai yawa. Na gwada ruwan fure, ido na nan yadda yake, amma yanzu ina ƙamshi.

Amsarka ta iso a rufe ruf, yaron ko kallonta bai yi ba. Ka tambayi Clémence. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta tsoron kowa, har ni. Duk tashar da na gama, ranar buɗewa ni ina can gaba tare da manyan kamfani da masu busa, ita kuwa sai ta sulale ta shiga ɗakin jiran talakawa ta zauna a benci kamar matafiyiya. In mun koma gida ta fara lissafa mini. Ta ce iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ce benci ya yi wa tsofaffi tsawo. Abin da ta fi maimaitawa shi ne, "Firmin, ka yi wa masu hular siliki ƙofa kamar ta coci, ka yi wa injin jirgi tankin ruwa kamar gida, ga mace nan da 'ya'ya uku tun safe tana neman abin jiƙa musu maƙogwaro." Ni kuma in ce kamfani bai sa wannan a zane ba. Haka muka yi ta yi har ta rasu.

Ka ga mace irin wannan ta cancanci a gan ta a bisa ƙofa. Akwai wani Ba'italiye a nan, Gaetano, shi ma yana sassaƙa fuska, amma duk macen da ya yi sai ta fito da hancin mahaifinsa. Kana so matar abokinka ta dawwama da hancin mahaifin Gaetano? Ka sake dubawa. Malamai sun ce Allah mai gafara ne, haka yaron ya gaya mini, don ka san shi da karatu. Lokaci na tafiya. Ta hannunsa dai, kamar wancan karon.

Montarlac, watan Jimada Sani

Daga Lakhdar zuwa ga Kawu Si Tayeb, sarkin masu guduma, wanda in ya yi tsawa dutse ke tsagewa da kansa. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ni lafiya, sai dai na rame, don mutanen nan duk abin da suka dafa sai sun jefa alade a ciki, ni da burodi da cuku da albasa har mun zama 'yan uwa. Ka ce wa Inna 'yar mai gidan burodi ta auri wani soja, ta kwantar da hankalinta.

Kawu, shiru ya yi yawa. Jirgin ruwan Wahran mai kawo takardun gida ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba ko layi ɗaya. Na ji an ce maigidana ya sake rubuto maka. Ni ban san abin da ya ce ba, ina ruwan biri da gada. In wata magana ce a ciki ta ɓata maka rai, ka tuna Bature ne, kuma tsoho, wani lokaci bakinsa na riga hankalinsa.

Ganyen inabi na ƙarshe na gama shi makon jiya, a kan taga ta gefen agogo. Da ka gani da ka ce jijiyar ganyen ta yi kauri, don kai ba ka taɓa ganin aikina ka rasa abin cewa ba, amma masu wucewa suna tsayawa. Yanzu shugaban masassaƙa ya sa ni goge duwatsun matakala, aikin da yaro ɗan shekara goma zai yi. Kullum da safe sai ya ce, "Balarabe, yau ka shirya yin fuska, ko in nemo maka tikitin gida?" Ni kuma in ce kawuna na nan yana tunani. Ya ce, "Kawun nan naka tunaninsa ya fi ginin tasha daɗewa."

Ba wasa nake ba a nan, Kawu. Ina so in ga jirgi na farko ya shigo ginin da na sa hannu a ciki. Kada in dawo Tilimsan a ce an koro ni. In fushi kake, ka rubuto ka zage ni, na fi sabawa da wannan.

Tilimsan, watan Rajab. A cikin akwatin dutse.

Zuwa ga Musye Lauzac. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta biyu ta iso tuntuni, ka gafarta mini jinkiri. A wurinmu babban mutum ba ya buɗe maka cikinsa ka amsa masa da tawada kawai. Na hau alfadari na tafi mahaƙar dutse da kaina, na ƙi guda huɗu kafin na sami wannan. Ƙafa kuma ta kwantar da ni bayan na dawo. Ban aiko ta hannun yaron ba, don kyauta ba ta bin ƙofar baya. Na sa magatakardan tashar jirgin ruwa ta Wahran ya rubuta sunanka a jikin akwatin da harshenku.

Maganar fuska amsata ba ta sake ba. Amma na karanta labarin matarka sau da yawa. Musye, matar nan ta gaya maka abin da take so tun tana da rai, kai ne ba ka ji ba. Wadda ke gudu daga babbar ƙofa ta je ta zauna da talakawa, ita za ka ɗora a bisa babbar ƙofa? A garinmu in muna son mamaci, ruwa muke sa wa a bakin hanya. Duk wanda ya sha, lada na isa gare shi a kabari, mu dai haka muka yi imani. Ka sa a fafe dutsen nan ya zama mashayar ruwa a ɗakin jiran talakawa, ƙasa-ƙasa yadda yaro zai kai. Ka ɗaure moɗa da sarƙa, in ba haka ba za ta yi ƙafa. Na zana maka zayyanar gefensa a bayan wannan takarda, irin wadda na yi wa Zhor.

In ka yarda, ka ba Lakhdar ya yi. Kada ka gaya masa wannan: hannunsa ya fi nawa lokacin da nake shekarunsa, kuma ina jin ya fi nawa na yanzu. Ban taɓa faɗa masa ba don kansa da ma babba ne. Yabon da ka yi masa a takardar farko kuwa, na gode, amma ni na raine shi.

Montarlac, watan Sha'aban

Daga Lakhdar zuwa ga Kawu Si Tayeb. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya tsaya nesa da sandarka. Ina gaida Inna. Yaya ƙafa? Da na san alfadari za ka hau da ita, da abubuwa da yawa ban yi su ba.

Dutse ya iso lafiya, ko ɓantarewa bai yi ba. Ina durƙushe ina goge matakala na ga ƙarti huɗu sun sauke akwati a ƙofar ofishin Musye Lauzac. Can sai aka ce ana kirana. Na shiga na tarar an ɓalle murfi, ga ciyawa ko'ina, ga Gaetano riƙe da ƙarfen da ya buɗe da shi, ga Musye da takarda a hannu ya kai ta har bakin hancinsa.

Ya ce, "Lakhdar, wane ne Tayeb ben Kaddour?"

Na ce, "Kawuna ne, Musye."

"Me ya sa kawunka zai aiko mini dutse tun daga hayin teku?"

Na ce, "Mutanen Tilimsan akwai kyauta, Musye."

Gaetano ya ce, "Ni ma ina da kawu, ko ɓawon cuku bai taɓa aiko mini ba."

Musye ya miƙo mini takardarka ya ce in karanta masa da Faransanci. Duk garin nan ba mai karanta Larabci sai ni. Na yi niyyar in ce gaisuwa ce kawai da addu'a. Wallahi har na buɗe baki. Sai na ga wurin da ka ce ƙafa ta kwantar da kai, na kasa. Na fara daga farko, yadda ka rubuta.

Ina cewa "takardarka ta biyu" ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ta biyu? Yaushe na yi ta farko?"

Na ce, "A watan Safar, Musye."

"Da wane harshe?"

"Da Larabci. Kana da tafinta."

Ya ce, "To. Me na ce a ciki?"

Na ce, "Ka ce ba ka taɓa ganin yaro mai kunya irina ba."

Gaetano ya zauna a kan akwati yana dariya yana dukan cinya, sai da Musye ya kore shi waje. Da muka rage mu biyu ya ce in ci gaba. Da na kai wurin matarsa, dariyar da ke gefen bakinsa ta ɗauke. Ya ce, "Ina kawunka ya san Clémence na zama da talakawa?" Na ce a takarda ta biyu ne. Kawu, labarin nan gaskiya ne, shi da kansa ya ba ni wata rana da tsakar rana, ina riƙe masa zane a hasken taga don idonsa, muna cin burodi. Duk abin da ke cikin takardun nan biyu gaskiya ne, kamfani, da ido, da fuska, da sallama. Ban da yabon. Da ruwan fure, shi ma ni na shafa.

Ya ce, "Na ba ka labarin matata don ka ci burodi da ni, ba don ka yi talla da shi ba." Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ko ranar da injiniyoyi suka rage masa tsawon hasumiyar agogo. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Rufe baki ka ƙarasa." Na ce wanne zan yi a ciki. Bai yi dariya ba.

Na ƙarasa. Layin nan da ka ce kada a gaya mini, ni na fassara shi. Sau biyu ma, don na farko muryata ba ta fita sosai ba, ya ce bai ji ba.

Ya karɓi takardar daga hannuna. Sannan ya ɗauki kofin ruwansa ya zuba a kan dutsen ya shafa da tafi, yadda kake yi in za ka ga jijiyar dutse. Dutsen ya fito kamar zuma da madara. Ya juya takardarka yana bin zayyanar da yatsa. Ya ce, "Tsohon nan bai taɓa ganinta ba, ya fi ni jin maganarta." Ya fita, ni ma na fita, kwana biyu bai dube ni ba.

Ga yadda aka tsaya. Fuskar ƙofa Gaetano zai yi, kuma ba ta matar Musye ba ce, wata mace ce kawai da zangarniyar alkama a ka, kowane hanci ta samu daidai ne. Mashaya za a yi ta a ɗakin jiran talakawa, jikin bangon da ke kallon tagar tikiti. Musye ya yi rigima da injiniyoyi har suka yarda su ja bututu daga tankin jirgi. Kamfani ya ce babu wannan a zane, ya ce to yanzu akwai. Ni zai ba aikin. Amma ya ce, "Ba za ka sa kurfin sassaƙa a dutsen nan ba sai mai shi ya san da wa ya yi ta magana. Ya hau dutse da ciwon ƙafa don abokin da babu shi. Kai za ka gaya masa, da hannunka. In ya ce ka yi, ka yi. In ya ce ka koma gida, ko ya yi shiru har a gama azumi, Gaetano ya fafe, kai ka bi jirgi."

Akwai 'yar takarda a cikin wannan, da Faransanci, wannan kam tasa ce ta gaske. Ka kai wa magatakardan alƙali ya karanta maka. Ban san abin da ke ciki ba, ya liƙe ta da jan kaki a gabana, ya danna zobensa har sau biyu yana kallona.

Saboda haka ga ta a fili, Kawu. Musye Lauzac bai taɓa rubuto maka ba sai yau. Takardar Safar da ta Rabi'ul Sani ni na zauna a bayan rumfar masassaƙa na rubuta su, na karkata hannu don kada ka gane. Amsarka ta farko ni na buɗe, ni na karanta, tana cikin jakata. So nake ka sauke mini alkawari ba tare da na tsaya a gabanka na roƙa ba, don na san abin da za ka ce. Na sa ka karanta ƙaryata a gaban mutanen layi, na sa ka faɗi maganar Inna Zhor ga wanda bai kamata ya ji ta haka ba. In ka ga dama ka karanta musu wannan ma, su rama dariyar.

Dutsen na nan a kusurwar ofis, na mayar masa da ciyawarsa. Kullum da safe nakan leƙa in gaishe shi in wuce matakala. Kalma ɗaya ta isa, Kawu: yi, ko taho.

Ɗanka Lakhdar, wanda ya rubuta dukansu.